Ƙuri'a Ɗaya a Kruki

Da sassafe ranar Litinin Hieronim ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan 'yan kwana-kwana, inda ake manna sakamakon zaɓe a jikin ƙofa. Wanda ya ci a ƙauyen ya riga ya sani. Layi na biyu na sakamakon ne ya fito da shi daga gida.

Mutanen Kruki ba sa raba ƙafa. Gwamnatin Warsaw tana son ta haɗe ƙananan hukumomi, ta rufe makarantar ƙauye, ta kwashe komai ta kai birni, wai gyara. Shugaban ƙasa ne kaɗai zai iya ƙin sa hannu. Don haka kowa yake zaɓar mai cewa a bar coci da gona da makaranta yadda kakanni suka bar su. Amma shekara goma sha biyu ke nan, duk zaɓen da aka yi, har da na majalisa a kakar bara, sai a tsinci ƙuri'a ɗaya ta 'yan gyara. Ɗaya tak, kamar ƙuda a madara.

Hieronim ya san mai ita. Ɗansa Radek ne, wanda ya tafi Lublin karatu ya dawo da bakin 'yan birni. Bai sauya rajista ba, duk ranar zaɓe sai ya zo ya jefa ya koma.

"Ɗanka ya sake yi mana tsiya," in ji Bolek mai shago duk bayan zaɓe. "Kai ka haifa, mu muke shan kunya."

Sau ɗaya Hieronim ya tambaye shi, suna cin abinci.

"Kai ne?"

Radek ya dubi uwarsa, ya dubi kwanonsa. "Baba, ai don haka aka sa labule a wurin."

Daga ranar Radek bai ƙara zama a teburin nan ba. Leokadia, matar Hieronim, ta sha faɗa masa: "Tsoho, ba shi ba ne. Sha miyarka kafin ta huce." Uwa ce, me za ta ce? Ita da ba ta san komai ba sai kajinta da ɗan rediyonta na kicin.

A watan Fabrairu aka binne ta. Radek ya miƙo hannu a bakin kabari, Hieronim ya zura nasa a aljihu. Da ƙanƙara ta narke ya je gari ya rubuta wa ɗan ƙanensa gonar, hekta goma sha ɗaya. Ƙasar da kakansa ya hana 'yan gurguzu ba zai miƙa ta ga mai sayar da 'yan ƙauyensu ba.

Jiya Lahadi, bayan an fito daga coci, aka yi zaɓen shugaban ƙasa, 'yan takara biyu kacal. Radek ya zo, ya shiga bayan labule, ya fito ya jefa takardarsa a akwati a gaban idon ubansa.

"Baba, yaya ƙafar?"

Hieronim ya kau da kai.

Yau kuwa ya tarar da Bolek tsaye a bakin ƙofar, hularsa a hannu. Babu tsokana. Hieronim ya matsa ya sa tabarau. Layi na farko, tamanin da bakwai. Ya sauke yatsa zuwa na biyu.

Sifili.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Sifilin yana nan.

"Bai jefa ba ke nan," in ji Hieronim.

"A gabanka ya jefa," in ji Bolek, bai ɗago ba. "Kowa ya fito. Kuma ko ɗaya ba ta lalace ba."

Hieronim ya daɗe yatsansa na kan takardar. Daga kakar bara zuwa yau suna ɗaya kawai aka cire daga rajistar Kruki, kuma shi da kansa ya sa aka sassaƙa shi a kan dutsen kabari.