Da Ƙafa Zan Shiga Gida

Sun hango Katsina ke nan, wani abu ya ɓalle masa a gwiwa, ya zube a gefen titi. Tun daga Daura suke tattaki, shi da ƙanensa.

"Yaya, in tsaida mota?"

"A'a. Na yi wa kaina alkawari da ƙafa zan shiga gida," ya ce.

Ƙanen ya zazzage jaka, ya ciro faffaɗan salatif, ya durƙusa ya naɗe wurin tam.

Yayan ya miƙe a hankali, ya taka, ya sake takawa. Sai ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. Mu je."

Ƙafar robar da aka sa masa bayan hatsarin bara ta kai shi har Kambarawa.