Sun Ɗauke Ni, Umma

"Yi kuka," in ji daraktan da ke gwada sababbin 'yan fim.

Auta ya matse ido, ya tuno duk mamatan danginsu. Ko ɗigo. Shi da tun yana firamare yake birgimar ciwon cikin ƙarya don gudun makaranta, yau ga kyamara ya zama gunki.

"Na gaba!"

Yana fita Umma ta kira. Sharaɗin Baba kuwa a fili yake: in aka ƙi shi, gobe sai garejin yayansa.

"Umma, sun ɗauke ni!" Murya na rawa, hawaye shar. "Daraktan ma rungume ni ya yi!"

Ta yi ta hamdala. Yana juyowa ya ga darakta tsaye, baki buɗe.

"Ni na rungume ka? Ina ka ɓoye wannan ɗazu? Zo gobe, ka samu aiki."

Nan take ya kira ta. "Umma, ɗazu ƙarya na yi miki. Amma yanzu wallahi sun ɗauke ni!"



"Auta, ta ɗazun ta fi kyau. Taho gida, yayanka na jiranka a gareji."