Ajin Madam Zeinabou

Tun daga bakin rijiya Abdulhamid ya kashe moto, babur ɗin aikinsa, ya tura ta da hannu don kada a ji zuwansa. Shekara goma sha biyu yana duba makarantu, kwanan nan aka maido shi Mayahi, amma bai taɓa tunkarar lakwal, wato makarantar boko, ya ji shiru irin wannan ba. Ajin Faransanci ai daga nesa ake jin sa: malami ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi har awaki su firgita. Nan kuwa ko tari babu.

Nan ƙauyen Gidan Danda aji ɗaya gare su, malama ɗaya, yara ashirin da uku. Takardar rufe makarantar na cikin jakarsa. In ya tarar ba a aiki ya sa hannu, yaran su koma wata lakwal mai tafiyar awa biyu cikin rairayi. Kowa ya san rabinsu gona za su koma. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne jarrabawar watan jiya, inda yaran nan suka doke na cikin gari. Ƴan ƙauye? Haba! Satar amsa ce, ya riga ya yanke.

Ya leƙa ta jikin zana. Kowane yaro da littafinsa, ba mai irin na wani. Allo fes, ko ɗigon alli babu. Malamar na zaune gefen akwatin littattafai, hannu bisa gwiwa, ido a kan yaran.

Ya shiga ya gaishe ta da Faransanci. Ta rusuna ta ce, "Sannu da hanya, Mushe." In ban da "Monsieur" ɗin da ta karya, duk Hausa, a cikin aji, a gabansa! Ransa ya ɓaci, amma ya haɗiye.

Ya nuna wata yarinya, Rahina, ya karɓe littafinta, ya miƙa mata jaridar da ya zo da ita. To, a haddace wannan mu gani. Ta karanta tiryan-tiryan, ta kuma faɗi abin da ta fahimta. Ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na biyar. Wani ya cije a kan kalma, ya waiwayi malama. Ita ko ba ta motsa ba, cewa kawai ta yi, "Koma baya ka sake bi, za ta fito."

Ta kuwa fito.

"Yaya kuke yi?" ya tambayi Rahina.

"Kowa ya zaɓi wanda yake so ya karanta, sannan ya ba ta labarin da Hausa. In labarin bai haɗu ba, ta kore ka ka sake. Ba ta taɓa gaya mana ko kalma ɗaya ba."

Kunya ta kama Abdulhamid, ba kaɗan ba. Ya zo kama ɓarauniya, ga shi ya tarar da gwanar da bai taɓa ganin irinta ba. Ya zauna ya cika shafi biyu da yabo. Dattawan gari sun taru a bakin rumfa sun yi cirko-cirko. Ya ɗauka kwarjininsa ne.

Ya miƙa mata bik. "Sa hannu nan, Madam Zeinabou, makarantarku ta tsira."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ko kan kaza ta zana, da ya naɗe ya tafi. Wani dattijo ya yi gyaran murya, ba ta dube shi ba.

"Mushe, in za ka rufe ka rufe, amma ba na sa hannu da sunan wata. Madam wata biyar ke nan tana kwance asibiti a Maradi. Ni Shatu ce, mai kawo wa yaran ƙosai, kuma tunda uwata ta haife ni ban taɓa karanta harafi ɗaya ba."