Baduku da Layun Aike

Sallau, na ji kana cewa tunda kana yi wa mutanen gida aike, ba dole ba ne sai ka je. To, ara mini kunnenka kaɗan in ba ka labarin wani baduku da na sani tun ina saurayi.

Duk yankinmu babu wanda ya kai mutumin nan iya ɗinkin laya. Malam zai rubuta addu'a a takarda ya naɗe, shi kuma ya samo jar fatar akuya wadda ta jimu sosai, ya yanka faɗin yatsu biyu, ya zauna da basilla yana bin bakinta da ɗinki ƙanana kamar jerin tururuwa. Da takalma da kuben wuƙa yake cin abinci, laya kuwa kyauta yake yin ta. Dangin da suka rage masa a duniya mutum ɗaya ce, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda take aure a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Da ta yi haihuwar fari aikin Sallah ya sha kansa, bai je suna ba, sai ya ɗinka wa jaririn laya ya ba direban motar kasuwa ya kai. Haka aka yi a haihuwa ta biyu da ta uku, har aka kai kan jikoki. Wanda ya fara tafiya ya sami ta wuya, wanda zai shiga fatauci ya sami kambun damtse. Duk sanda direban ya dawo, saƙonta ɗaya ne: "Ka ce wa Yaya na ga aike, Allah ya saka da alheri, amma shi nake son gani." Sai ya yi murmushi ya ce in an yi girbi. In an girbe ya ce sai bayan Sallah. Ba faɗa suka yi ba, kuma ba ƙin ta yake ba. Shi dai a ransa, duk layar da ta shiga motar nan, gani yake shi ne ya je.

Ana nan matarsa ta rasu, Allah kuwa bai ba su haihuwa ba. Gidan ya yi masa faɗi. Mutane suka koma sayen takalman roba, rumfarsa ta daina tara jama'a. Yakan wuni a zaune, in ban da sallamar masu wucewa babu mai ce masa kanzil. Maƙwabta su aiko da tuwo, ya ci rabi ya rufe rabi.

Wata ranar kasuwa direban ya zo masa da magana: ƙanwarsa na kwance, jiki ya yi tsanani, shi take ta kira. Har ya ɗauki rigarsa, sai ya tsaya. Bayan shekara arba'in, ina zai shiga gidanta hannu rabbana? Ya ce bari ya yi mata layar samun sauƙi, wadda ta fi duk waɗanda ya taɓa yi. Ya je wurin malam, aka ce ya tafi ƙauye sai gobe. Fatar da ke rumfa ba ta yi masa ba, ya taka har gidan majemi ya zaɓo wata. Ido ya riga ya yi rauni, sau biyu yana ɗinkawa yana farkewa. Kafin ya gama, mota ta tashi, sai ta wani makon.

Da ya isa, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida da maza a zazzaune. Shekaranjiya aka binne ta. Aka matsa masa gefen tabarma kamar kowane mai zuwa gaisuwa. Yara na ta shiga da fita, kusan kowanne da ɗinkinsa a wuya. Ya miƙa wa ɗaya hannu, yaron ya ja da baya ya ruga cikin gida. Babban ɗan marigayiyar, wanda furfura ta fara fito masa a gemu, ya matso ya ce, "Baba, daga ina?" Ya faɗi garinsu da sunansa. Mutumin ya durƙusa. "Ashe kai ne Kawu. Duk ranar kasuwa Inna takan je tasha ta zauna a kan wani kututture. Ko direba ya miƙa mata ƙunshinka, ba ta tashi sai ta ga mutum na ƙarshe ya sauko."

Ya zauna har addu'ar bakwai. Ba wanda ya wulakanta shi. An ba shi ɗaki, an kawo masa fura, safe da yamma ana zuwa gaishe shi. Amma in an gama "ina kwana" da "ya ƙarin haƙuri", sai hira ta ƙare, don babu wani abu da suka taɓa gani tare balle su tuna. Ya hau mota ya koma da layar a aljihu, bai sami wanda zai ba ba.

Shekara uku ya ƙara a rumfar nan. Da ya rasu, mu maƙwabta muka yi masa sutura, muka ba direba saƙo ya kai wa 'ya'yan ƙanwarsa. Mako na zagayowa direban ya dawo da ƙwaryar goro da gaisuwa mai kyau. Sun ce a yi haƙuri, aikin gona ya riƙe su.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.