Sarƙar da Ba Ta da Fulorin

Farfesa ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake karanta takardar sakamakon. Lambobin dai ba su canja ba. Sarƙoƙin suna nan birjik a kwanuka shida, amma ko ɗigon fulorin babu a jikinsu.

Shekara ashirin da biyar ta yi tana aiki da fulorin, sinadarin da ruwansa ke cin gilashi, har ya bar mata tabo a wuyan hannu. A 'yan shekarun nan kuwa tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: tun kafin a sami wani abu mai rai a doron ƙasa, yaya ƙwayoyin amino suka haɗu suka zama sarƙar da ake gina jiki da ita? Sai ta riƙa zuba su a ƙananan kwanukan gilashi, a jiƙa, a busar, a sake jiƙawa, kamar laka a bakin tafki. Kuma sarƙoƙin suka fito! Mujalla ta karɓi bincikenta, ranar Alhamis za ta sa hannun ƙarshe.

Sai ga wasu ɗakunan gwaji biyu sun rubuto cewa sun bi hanyarta daki-daki, ba su ga komai ba. Ranta ya ɓaci, ta ce bari ta rufe musu baki. Ta yi wa kowace ƙwayar amino alama da fulorin, yadda ake yi wa awaki alama a kunne. Duk sarƙar da aka ƙulla da kayanta dole ta fito da alamar. To, ga shi ba ta fito da ita ba. Ke nan daga waje ake zubo sarƙoƙin, kuma da hannun mutum.

Mutum uku ne ke da makullin ɗakin gwajin. Akwai ita kanta. Akwai Baba mai na'ura, tsohon da ke auna samfuri, wanda ko bakin ƙofar ba ya takawa. Sai ɗalibarta, wadda kowa ke kira Shiru-Shiru, mai haɗa kwanukan kullum. Farfesa dai rufewa kawai take zuwa yi, don ba ta yarda kowa ya rufe mata kwano ba. Idan kuwa babu sarƙoƙin nan, Shiru-Shiru ba ta da digirin digirgir.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wayon mai aikin. Akwai kwano na bakwai, na ruwa zalla, wanda ake ajiyewa don kama ƙazanta. Shi kullum tas yake fitowa. Mai yin abin ya san inda zai taɓa da inda zai bari.

Ranar Litinin ta rako autarta har ƙofar gida, ta tofa mata addu'a a ka saboda jarrabawa, amma hankalinta na can wajen kwanuka. Tana isa wurin aiki ta kira ɗalibar zuwa ofis.

"Wa ya shiga ɗakin nan ranar Juma'a?"

"Ni ce, ranki ya daɗe. Sai ke da kika zo rufewa." Yarinyar ta murza yatsu. "Da ma akwai wata magana..."

"Wace magana?"

Yarinyar ta dubi ƙasa. "Babu komai."

Babu komai ɗin nan ya ishi Farfesa shaida. Yarinyar da ta ɗauka kamar 'yar cikinta, wadda ta koya wa riƙe kwalba da hannunta! Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta zauna ta rubuta wa kwamitin ladabtarwa wasiƙa shafi biyu, ta liƙe ambulan, ta jefa a jaka.

Baba mai na'ura ne ya taka mata birki. "Farfesa, ki bi a hankali. Shekara huɗun 'yar mutane ce a jakar nan. Ki gani da idonki tukuna." Ya ɗora ƙaramar kyamara a saman kabad ɗin ɗakin gwajin, ba tare da kowa ya sani ba. Ranar Talata aka haɗa sababbin kwanuka, Laraba da azahar sakamako ya fito. Sarƙoƙi birjik, babu fulorin.

Farfesa ta ajiye ambulan ɗin a gaban kwamfuta, ta ce wa Baba ya kunna abin da kyamarar ta ɗauka.

Ga Shiru-Shiru ta shigo da takunkumi a fuska. Ta canja safar hannu sau biyu, ta auna, ta zuba, tana kawar da kai don kada numfashinta ya bi ta kan kwanukan, tunda ko ɗigon yawun mutum ɗauke yake da irin sarƙoƙin nan. Farfesa ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, tana jiran hannun ya shiga aljihu. Bai shiga ba. Yarinyar ta gama, ta ja da baya ta tsaya jikin bango, ta sunkuyar da kai kamar mai jiran wani abu da ba ta son gani.

Baba ya yi gyaran murya, ya ce zai je ya duba na'ura. Ya fita ya ja ƙofa a hankali.

A kan allon, wata mace mai farar riga ta shigo, da tabo a wuyan hannunta. Ta rufe kwanon ruwa zalla ba ta ko kalle shi ba. Da ta zo kan shidan nan sai ta tsaya, ta sauke takunkumi zuwa haɓa, leɓenta ya motsa, ta tofa wa kowane kwano addu'a sau uku, yadda uwarta ta koya mata yi wa duk abin da take tsoron rasawa.