Matar da Ta Ɓuya a Ƙarƙashin Kututture

Tun kafin ta kai gadar katako Noreen Pruitt ta saki hanya ta faɗa daji. Hanya ce mai sauƙi, da shuɗin fenti a jikin itatuwa, wadda iyalai ke bi ranar Asabar. Amma yau ba ta son kowa ya gan ta.

Ta duba agogo. Minti arba'in ke nan da barinta wurin ajiye motoci. Yanzu kam masu nemanta sun taso.

Shekararta sittin da uku, gwiwar hagu sai zogi take mata. Duk da haka ta gangara cikin rafi, ta yi ta kutsawa a ruwan sanyi har yatsun ƙafarta suka mutu, don ta san ruwa na ɓatar da sawu. Mayafin wuyanta yana hannunsu. Da shi za su bi ta.

Wasu mata da miji suka wuce ta sama suna dariya. Ta lafe a bayan dutse har muryarsu ta ɓace.

Can gaba ta sami wani ƙaton kututture da ya faɗi. Ta shige ƙarƙashinsa, ta jawo busassun ganye ta rufe ƙafafunta. Kwanciyar ta gagare ta. Ta juya nan, ta juya can, ta sake duba agogo. Sau biyu tana jin haushin kare daga nesa, sau biyu yana karkata gabas. Ta cije leɓe.

Sai ganye suka motsa dab da kanta. Wani baƙin kare ya leƙo, ya shinshine ta, ya ɗaga kai ya yi ta haushi. Bayansa mai kula da shi, wani dogon mutum mai suna Wendell, ya ɓullo yana haki, wandonsa sharkaf.

"Fito, Noreen," in ji shi. "Har da shiga rafi? Kashe mu kike son yi?"

"Minti nawa ya ɗauka?"

"Awa ɗaya da minti goma sha biyu."

Ta rarrafo ta fito, ta rungume wuyan karen, hawaye na zuba. Shekara tara da suka wuce, a wannan dajin, kwana huɗu aka yi ana neman mijinta kafin a tsinci gawarsa, don babu karen bin sawu ko ɗaya a gundumar. Tun daga lokacin take ɓuya a daji don a horar da karnukan ceto. Wannan shi ne kare na bakwai da ta ɓuya masa har ya ci jarrabawar aikin ceto.