Ƙunar Albarushi

Patience ta kwance zanin da ta naɗe bindigar mijinta Albert da shi, ta ajiye ta a gaban Malam Lawal maƙeri a Kakuri. Adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Albert bai san ta ɗauko ba.

Shekara uku ke nan tana sayar da farfesun naman daji a bakin titin Abuja, a Gonin Gora. Albert ke kawo naman. Da sassafe yake fita da bindiga a kafaɗa, da buhu, da ɗan shebur na tonon ramin gafiya, ya dawo da nama a feɗe, a daddatse. Direbobi Musulmi kan tambaye ta ko yankakke ne, ita kuwa ta rantse musu da Allah, don Albert ya ce abokin farautarsa Musulmi ne ke yankawa. Kuma ita ba mai rantsuwar banza ba ce.

Kwanan nan sai naman ya fara ɗoyi, har wani direba ya tofar a gabanta. Albert ya ce laifin bindiga ne, ba ta saiti, dabba kan gudu da rauni ya yi ta binta cikin rana.

"Madam, bututun bindiga iri-iri ne," in ji Malam Lawal. "Wani cikinsa sumul, wani da murɗi kamar igiya. In murɗin kaɗan ne, dunƙulen dalma yake so, a naɗe da tsumma. In ya yi yawa, sai dogon harsashi. A haɗa ba daidai ba, ko saniya ce a kuskure ta. Ke da kike gyaran naman, wanne kike tsinta a ciki?"

Ba ta taɓa tsintar ko ɗaya ba. Ƙasusuwan dai kullum a farfashe. Sai wani baƙin abu mai danƙo da 'yar tsakuwa da take kankarewa da wuƙa, wanda Albert ke cewa ƙunar albarushi ce. Haka ta faɗa wa Malam Lawal.

"Albarushi ai ba ya danƙo," in ji maƙerin.

Ya zura sandar ɗuri a bututun, ta cije tun daga baki. Ya bubbuga, busasshiyar ƙasa ta zubo da matattun tsutsotsi.

"Gidan zanzaro ne, sabo a kan tsoho. Rabon bindigar nan da ta yi tari ya fi shekara uku."

Da azahar ta sauka daga bas a Gonin Gora. A gefen titi ƙudaje sun yi baƙi a inda tirela ta take wata dabba. An riga an kwashe ta, sai jini da sawun shebur. Ta toshe hanci ta kauce, takalminta ya maƙale a inda rana ta narkar da titi. Ta sunkuya ta kankare da tsinke, ta kawo kusa da idonta.

Kwalta ce mai danƙo da 'yar tsakuwa, irin wadda ta shekara uku tana kankarewa daga naman da take rantsuwa a kansa.